Masu dariyar dusar ƙanƙara, mu dubi namu titin

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Duk shekara in sanyi ya kama, sai bidiyoyin nan su dawo yawo a Facebook da WhatsApp: ƙasar Turawa, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba, motoci na ta zamewa kamar an shafa wa titi man gyaɗa, wannan ta daki waccan, waccan ta juya ta fuskanci inda ta fito. Mu kuma muna ƙasa muna ta sharhi. Wai waɗannan su ne suka ƙera motar! Wani abokina har cewa ya yi a kai musu direban Golf ɗaya daga tashar Dutsin-Ma ya ba su darasi na kwana uku. Maganar ta yi daɗi, ba ƙarya. Sai dai ni kwanan nan ina koya wa wani yaro tuƙi, shi ya sa nake kallon bidiyoyin da wani ido daban.

Mafi shahara cikin irin wannan shi ne abin da ya faru a birnin Atlanta na Amurka ranar 28 ga Janairu, 2014. Dusar da ta zuba ba ta kai inci uku ba, wato ko tsawon yatsa ba ta cika ba. Amma da ta fara, sai makarantu da ofisoshi suka sallami mutane kusan lokaci guda, kowa ya hau titi, dusar ta narke ƙarƙashin taya ta sake daskarewa ta zama santsi. Gari ya tsaya cak. Mutane suka kwana cikin motoci, yara suka kwana a makarantu, wata mata ma a cikin mota ta haihu a kan babban titi. An yi haɗurra sama da dubu a jihar. Kun san wa suka fi kowa yi musu dariya? 'Yan uwansu Amurkawa na arewa, mutanen Chicago da Buffalo, waɗanda dusa ke rufe musu ƙofar gida su share su tafi aiki. Ƙasa ɗaya, mota iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne na arewa da dusar ya tashi, garinsu na da motocin share titi da gishirin barbaɗawa, shi kansa tun ranar da ya fara riƙe sitiyari ya san yadda mota ke yi in ƙasa ta yi santsi. Na Atlanta kuwa sai ya shekara bai gani ba.

A wasu wuraren ma biki ake. A garin Ain Sefra na Aljeriya, bakin Sahara, dusa ta zuba a 1979, ta sake zuba a ƙarshen 2016, mutane suka fita suna zamiya a kan tudun yashi suna ɗaukar hoto. A yankin Tabuk na Saudiyya in ta sauka a kan duwatsu, iyalai ke cika motoci su tafi kallo. Abu ɗaya ne ke saukowa daga sama, wani ya ɗauki shebur, wani ya ɗauki waya, wani ya kwana a titi.

To ai ko a nan gida haka muke. Ku dubi mutumin Legas in hunturu ya leƙa musu na kwana huɗu: rigar sanyi mai hula, safar hannu, leɓe ya tsage, ana ta kuka a intanet kamar duniya ta tashi. A watan Fabrairun 2020 hazo ya sa an riƙa karkatar da jiragen da za su sauka Legas zuwa Accra. Mu da ƙurar nan ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta fara sauka a kanmu kafin ta kai musu, sai mu yi murmushi. Mutumin Jos kuma mu yake wa dariya in ya ji muna cewa sanyi ya hana mu wanka. Amma a juya maganar: a ɗauki direban Fatakwal wanda rabin shekararsa cikin ruwa yake tuƙi, a tsayar da shi bakin kwalta tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ranar ruwan farko, ya ga yadda yaranmu ke yi. Wallahi shi ma bidiyo zai ɗauka.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, illa ƙanƙarar da kan faɗo jefi-jefi a farkon damina ta huda ganyen gero. Amma muna da abu biyu da ke yi mana abin da dusa ke yi wa mutanen Atlanta: hazo da ruwan farko. Kuma babu mai koya wa yaro tuƙi a cikinsu.

Yaron da nake koya wa ɗan yayata ne. Shekararsa 18, ya gama sakandare bara. Mahaifinsa Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar musu tsohuwar mota a zaure an lulluɓe ta da tamfol. Tsohuwarmu kuma tana hannun Yaya, ga hawan jini, ga ciwon ƙafa. Duk wanda ya zauna yankin nan a ƙarshen 2021 ya san abin da ake nufi da gida ya kasance da mota babu mai tuƙa ta. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. Watanni aka yi in ciwo ya tashi da dare ba ka da wanda za ka kira. Sai dai a tashi yaro ya bi gida gida yana buga ƙofa, a lokacin da buga ƙofa da dare ke sa gaban mutum ya faɗi. Tun daga lokacin Yaya ta ƙudurta a ranta cewa yaron nan na cika shekaru sai ya iya mota. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Inda muka saɓa shi ne kwana nawa. Ta ce mini, "Kai dai ka ba shi sati ɗaya a filin ƙwallo, ai yaran yanzu kansu na ja. Ɗan gidan maƙwabta kwana biyar ya yi." Na ce, "Yaya, kwana biyar ɗin nan ya isa ya koyi motsa mota. Amma Inna za ki sa a bayansa, da dare, wata ƙila cikin ruwa. Ki bar ni da shi har damina." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Har damina? To Allah Ya kai mu." Na san ba ta ji daɗi ba, don kwana biyu gaisuwarta a taƙaice take.

Ku duba yadda muke koyar da tuƙi a garuruwanmu. Fili ake samu, na makarantar firamare ko na Idi, da rani, da la'asar sakaliya, ƙasa a bushe, ido na ganin har ƙarshen gari. A nuna wa yaro kuloci da birki da totur. Mota ta mutu sau goma, a yi masa tsawa, ta sha ɗaya ta tashi. Ya zagaya fili, ya koyi ribas tsakanin duwatsu biyu, ya sa giya uku. Shi ke nan, an yaye shi. Gobe ka gan shi a kwalta hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga. Masu bin hanyar karen mota sun fi wannan, gaskiya, don yaron mota kan shekara biyu uku yana zaune kusa da ubangidansa, yana wanke mota, yana canza taya, ya ga damina ya ga hunturu ta gilashin gaba kafin a ba shi makulli. Tsohon tsarin nan da muke rainawa ya fi na 'ya'yan masu hali hankali. Matsalarsa dai in ubangidan mai ganganci ne, gangancin ake gada gaba ɗaya.

Yaron nawa filin bai ba shi wahala ba, dama ya iya babur tun yana ƙarami kamar kowane yaro a Rawayau. Sati biyu ya ƙware. Ranar da hazo ya sauka sosai, irin wanda rana ke zama kamar farin faranti, na tashe shi bayan sallar asuba na ce ya ɗauko makulli. Ya ce, "Kawu, yau? Ai ba a ganin komai." Na ce ai shi ya sa.

Muna hawa kwalta abu na farko da ya yi shi ne kunna ful layit. Kowane sabon direba haka yake yi, gani yake ƙarin wuta ƙarin gani ne. Sai ga farin bango a gabanmu, don hasken na dukan ƙurar ya dawo cikin ido. Na ce ya mai da ita ƙasa. Nan take gefen titi ya fito. Abu na biyu, da wata Sharon ta wuce mu sai ya taka totur yana son ya manne mata, wai ya riƙa bin jar wutarta. Wannan dabarar ta kashe mutane da yawa. In na gaba ya taka birki don ya ga amalanken shanu, kai ba ka ga amalanken ba, wutarsa kawai ka gani, kuma kafin ƙafarka ta bar totur ka shige shi.

Na sa shi ya tsaya gefe, can ƙasa da kwalta, muka yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Filin ƙwallon da ya koyi tuƙi a ciki, daga raga zuwa raga, daƙiƙa huɗu bai cika ba ta gama da shi. Tsakanin ido ya ga abu da ƙafa ta kai kan birki daƙiƙa ɗaya ta wuce, ga wanda hankalinsa ke wurin ke nan. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Na ce masa ya duba gaba ya gaya mini iyakar inda yake gani. Ya nuna wata bishiya. Na ce to duk gudun da ba za ka iya tsayawa kafin bishiyar nan ba, ba naka ba ne yau. Ya ce, "Kawu ai sai a yi ta yi mana hon." Na ce a yi, hon bai taɓa karya ƙashin kowa ba.

Kuma hanyarmu kun san ta. Babur ba wutar baya. Amalanke ba komai. Garken shanu na tsallakawa da sassafe, launinsu da na hazon ɗaya. Yara 'yan makaranta sun ƙudundune cikin mayafi ba sa jin tahowar mota. Da kaka ga masu shanya a bakin titi. Ba a filin Idi ake koyon waɗannan ba.

Ruwan farko kuwa ya fi hazo mugunta, don hazo kana ganinsa ka ji tsoro, shi kuwa ruwan farko murna yake sa mutum. Daga Oktoba zuwa Mayu, kusan wata bakwai, kwaltar nan ba ta ga ɗigon ruwa ba. Ƙura ta kwanta, baƙin mai ya ɗiga daga manyan motoci, garin taya ya taru, kashin shanu ya bushe ya niƙe. In aka yi yayyafin farko, wanda bai kai ya wanke titi ba, duk wannan sai ya kwaɓe ya zama kamar miyar kuɓewa. Ido na ganin titi ya ɗan jiƙe kawai. Taya kuwa ta san abin da take takawa. A littafin dokokin hanya na Ingila an rubuta cewa a jiƙaƙƙen titi nisan tsayawa na ninkawa aƙalla sau biyu, a kan ƙanƙara kuma har sau goma. Namu yayyafin farkon yana wani wuri tsakanin biyun. Ga iska mai ƙarfi da ke zuwa gabansa ta tayar da jar ƙura ta karya rassa, ga waifa da rana ta ƙona robarta tun bara, ka kunna ta ta shafa maka laka a gilashi. Ga kowa na sauri ya isa gida kafin ruwa ya sauko. In wannan ba Atlanta ba ce, mece ce?

Sai taya. Mafi yawanmu ta hannu muke saye, 'yar Kwatano, wadda ta gama aikinta a wata ƙasa. Wata ma tayar sanyi ce da aka yi don ƙasar dusa, roba mai laushi, aka kawo ta kan kwaltar da ke soya ƙwai a watan Afrilu. Na kai yaron wurin mai faci na nuna masa lambobi huɗun nan da ke jikin kowace taya: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Muka duba ta motar babansa, Allah Ya jiƙansa, biyu sun yi sanƙo, ɗaya ta girmi ƙanwarsa da ke aji uku na firamare. Zanen da ke jikin taya shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta. In ya suɗe, mota kan ruwa take tafiya kamar kwalekwale, ka juya sitiyari ta ƙi juyawa. Na gaya wa Yaya kuɗin taya biyu, ta ce ai sai a sayar da tunkiya. Aka sayar.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai. Sai mutum ya kai 18 ake ba shi lasin tuƙi, kuma tsarin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, shi ne ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita kafin a gwada shi. A jiha kuma ga KASSAROTA. A takarda komai ya zauna. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, a cikin samarin da ke tuƙi a Rawayau da ƙauyukan kewaye, nawa ne suka taɓa shiga makarantar tuƙi? Kuma ko wanda ya shiga, a wane wata aka koya masa? In ya shiga a Maris ya fita a Afrilu, ya karɓi takarda bai taɓa kunna waifa ba. A ƙasar Finland, inda dusa ke rufe ƙasa watanni, cikin abin da ake koya wa mai neman lasi har da tuƙi a kan santsi da tuƙi cikin duhu. Akwai filayen da aka tanada musamman, a sa ka taka birki mota ta zame da kai, malami na kallo, don jikinka ya san abin kafin ranar da zai same ka kai kaɗai. Ba wayo suka fi mu ba, sun dubi abin da ke kashe musu yara ne suka sa shi cikin darasi. Mu ba ma buƙatar gina komai. Allah na kawo mana filin gwajin kyauta sau biyu a shekara, muna zaune a ɗaki muna jira ya wuce sannan mu fitar da yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Ba sai mun je Geneva an karanta mana ba. Kowa a nan ya taɓa zuwa jana'izar saurayi da aka ce "mota ce ta ƙwace masa". Kullum motar ce ke ƙwacewa. Ajali gaskiya ne, ba mai musu, amma wanda ya ce mu yi tawakkali shi ya ce mu ɗaure raƙumi.

Ban ma taɓo wasan mota na ranar ɗaukar amarya da na Sallah ba, inda yaro ɗan shekara 15 zai saci makullin babansa, ko ma uban ya miƙa masa da hannunsa don a ce ɗan Alhaji ya iya mota, a cika ta da abokai har kan but, ana jan birkin hannu ana juyi a tsakiyar mutane. Wannan maganar wata rana ce, don in na fara ta yau za a ce da wani nake.

Abu ɗaya da Yaya ta faɗa wanda ya tsaya mini a rai: da yaron ya fara kama hannu, sai ta ce, "To in ya samu makaranta ya tafi fa? Mun koma gidan jiya." Gaskiyarta. Yana neman gurbi a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, in Allah Ya sa ya samu ba kullum zai kwana gida ba. Wadda ke gida kullum ita ce yayarsa, mai shekara 21, mai hankali da natsuwa fiye da shi nesa ba kusa ba. Na ce a kawo ta ita ma. Aka ɗan yi gunaguni a dangi, wani baffansu ya aiko cewa ba a saba ba. Na aika masa cewa ranar da ciwon Inna ya tashi ƙarfe biyu na dare, in ya yarda a buga masa ƙofa ya zo ya tuƙa, na janye. Har yau bai aiko da amsa ba. Yarinyar kuwa sati uku ke nan da farawa, kuma ko sau ɗaya ba ta kunna ful layit cikin hazo ba, don tana kujerar baya ranar da aka yi wa ƙanenta bayani.

Yanzu dai ga inda muke. Su biyun sun yi hazo, sun yi dare a cikin gari inda ake da tsaro, sun iya canza taya da duba ruwa da baƙin mai. Na sa an yi musu rajista a makarantar tuƙi a Katsina don lasin ya fito ta hanyarsa. Makulli kuwa yana aljihuna. Ina jiran hadarin farko na watan Mayu ko Yuni. Ranar da aka yi yayyafin, in Allah Ya kai mu, zan kai su wani miƙaƙƙen wuri da babu mutane, a gudun kilomita 30, in ce su taka birki da ƙarfi, su ji da jikinsu yadda bayan mota ke neman wuce gabanta, su koyi ɗaga ƙafa a hankali da kallon inda suke son zuwa maimakon ramin da suke tsoro.

Kujerar baya tana ɗaukar mutum uku, ɗaya tawa ce in ɗayansu na tuƙi ɗayan na jira. Duk wanda ke nan Rawayau ko Kurfi yake da yaro ko yarinya da suka kai 18 kuma suka fara koyo, ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin damina. Sharaɗi biyu ne: uba ko uwa su sani, kuma in motarku za a kawo, a fara kai ta wurin mai faci a karanta lambobin tayar.